Peter Debye

Peter Joseph William Debye (an haife shi ranar 24 ga watan Maris, 1884, ya rasu ranar 2 ga watan Nuwamba, 1966) masanin fiziks ne da kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Holan, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. Ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a shekara ta 1936. An fi saninsa da bayanin da ya yi kan yadda cajin lantarki ke rabe a jikin ƙwayoyin abubuwa, da yadda waɗannan ƙwayoyi ke juyawa idan lantarki ya ja su. A kan wannan bayani aka gina fahimtar da ake da ita a yau game da halayyar ruwa a gaban lantarki: dalilin da ya sa ruwa ke narkar da gishiri, dalilin da ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar lantarki, da dalilin da ya sa abinci mai ruwa-ruwa ke yin zafi a cikin na'urar maikurowef. Ma'aunin da ake auna ƙarfin rabuwar caji a jikin ƙwayar sinadari, wato debye, sunansa ya ci. Shekara arba'in bayan rasuwarsa an tayar da muhawara mai zafi a Holan kan rawar da ya taka a Jamus lokacin mulkin 'yan Nazi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Debye a birnin Maastricht da ke kudancin Holan, kusa da iyakar Beljiyam da Jamus. Sunan da aka rubuta masa a takardar haihuwa shi ne Petrus Josephus Wilhelmus Debije. Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, mahaifinsa shugaban ma'aikata ne a wata masana'antar kayan ƙarfe. Ya yi sakandare a garinsu, a irin makarantar da ake koyar da lissafi da kimiyya da harsunan zamani amma ba a koyar da Girkanci da Latin. A wancan lokaci rashin waɗannan harsuna biyu kan toshe wa ɗalibi hanyar shiga jami'o'in Holan. Saboda haka a shekara ta 1901 ya tsallaka iyaka ya shiga Babbar Kwalejin Fasaha ta Aachen a Jamus, wadda nisanta da Maastricht bai wuce kilomita 30 ba. Ya kammala digiri a fannin injiniyancin lantarki a 1905.

A Aachen ya haɗu da Arnold Sommerfeld, malamin da ya gane basirarsa ya ja shi zuwa fiziks. Da Sommerfeld ya koma Jami'ar Munich a 1906, sai ya tafi da Debye a matsayin mataimakinsa. A can Debye ya samu digirin digirgir a 1908, da bincike kan yadda haske ke danna ƙananan abubuwa masu siffar ƙwallo. A 1910 ya cika sharuɗɗan zama malamin jami'a.

Wuraren da ya yi aiki

A 1911 Albert Einstein ya bar Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan ya tafi Prague, aka ba Debye kujerarsa yana da shekara 27. Ya koma Utrecht a Holan a 1912, sannan Göttingen a Jamus a 1914. A 1920 ya sake komawa Zurich, wannan karo a Cibiyar Fasaha ta Tarayya da ake kira ETH. Daga nan ya tafi Leipzig a 1927, sai Barlin a 1934, inda aka naɗa shi daraktan Cibiyar Fiziks ta Kaiser Wilhelm. Ya kuma daɗe yana editan mujallar Physikalische Zeitschrift, wadda a cikinta ya buga da yawa daga cikin muhimman ayyukansa.

Matsalar da ruwa ya zo da ita

Tun a shekara ta 1837 Michael Faraday ya nuna cewa idan aka sa abin da ba ya ɗaukar lantarki tsakanin faranti biyu na ƙarfe, farantan za su iya riƙe caji fiye da yadda za su riƙe in babu komai a tsakaninsu. Adadin ninkin da aka samu shi ake kira lambar dayilektirik ta wannan abu. Ta iska kusan 1 ce. Ta mai da sinadarin benzin kimanin 2 ce. Ta giyar itanol kimanin 25. Ta ruwa kuwa ta kai 80 a zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Wannan lamba tana da wata ma'anar kuma: caji biyu da ke jan juna, idan aka sa su cikin ruwa, ƙarfin jan zai ragu ya koma kashi ɗaya cikin 80 na yadda yake a fili.

Bayanin da aka gada daga Ottaviano Mossotti da Rudolf Clausius shi ne filin lantarki yana ɗan tura caji negatif na kowace ƙwayar sinadari gefe guda, caji fozitif ɗaya gefen, kamar yadda ake miƙe roba. Wannan bayani ya dace da abubuwa irin su benzin. A ka'idar James Clerk Maxwell, idan aka ɗauki lambar da ke nuna yadda abu ke lanƙwasa haske aka ninka ta da kanta, ya kamata a samu lambar dayilektirik. Ta benzin 1.5 ce, ninkinta 2.25, kuma abin da aka auna ke nan. Ta ruwa 1.33 ce, ninkinta bai kai 1.8 ba, alhali ma'auni ya ba da 80. Akwai kuma abu na biyu da ya ƙi bayani. Lambar ruwa tana raguwa sosai idan ruwan ya yi zafi, daga kimanin 88 a digiri 0 zuwa kimanin 55 a digiri 100, raguwar da ta fi ƙarfin ɗan buɗewar da ruwa ke yi idan an dafa shi.

Ƙwaya mai kai biyu

A 1912 Debye ya ba da amsa. Ya ce akwai ƙwayoyin sinadarai da tun asali cajinsu a rabe yake, ko da filin lantarki ko babu. Gefe ɗaya na ƙwayar ya fi caji negatif, ɗaya gefen ya fi caji fozitif, duk da cewa jimillar cajin sifiri ce. Irin wannan ƙwaya mai kai biyu ita ake kira daifol. Idan aka sa ta a filin lantarki sai ta nemi juyawa ta bi shi, kamar yadda allurar kamfas ke juyawa ta dubi arewa. Amma zafi yana sa ƙwayoyin su riƙa bangazar juna ba tsayawa, wannan kuma yana ɓata jeruwar. Abin da ake aunawa sakamakon ja-in-jar da ke tsakanin filin lantarki da zafi ne. Shi ya sa duk lokacin da zafi ya ƙaru lambar dayilektirik ke raguwa.

Debye ya aro hanyar lissafin ne daga aikin da Paul Langevin ya yi kan maganaɗisu a 1905. Lissafin ya raba lambar dayilektirik kashi biyu: kashin miƙewar ƙwaya, wanda bai damu da zafi ba, da kashin juyawa, wanda ke raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi. Amfanin wannan shi ne mai bincike zai iya auna lambar dayilektirik ta wata iskar gas a zafi daban-daban, daga nan ya fitar da ƙarfin daifol na ƙwaya guda, abin da ido ko madubin ƙara girma ba sa iya gani.

Cikin shekarun 1920 wannan hanya ta zama makamin gano siffar ƙwayoyin sinadarai. Iskar kabon dayoksaid tana da zarrar kabon ɗaya da zarrar oksijin biyu, kuma an auna ƙarfin daifol ɗinta aka samu sifiri. Ma'anarsa zarrorin uku a miƙe suke a layi guda, jan wannan gefe yana kashe na wancan. Ƙwayar ruwa ma zarra uku ce, oksijin ɗaya da haidurojin biyu, amma ƙarfin daifol ɗinta a cikin tururi ya kai debye 1.85. Wannan ba zai yiwu ba sai in a lanƙwashe take. A yau an san kusurwar da ke tsakanin haidurojin biyun digiri 104.5 ce. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, don haka gefensa ne negatif, gefen haidurojin kuma fozitif. Debye ya tattara wannan fanni a littafinsa Polar Molecules, wanda aka buga a 1929.

Jinkirin juyawa

A 1913 Debye ya ɗauki tambaya ta gaba: me zai faru idan filin lantarki yana sauya fuska da sauri? Tun a ƙarshen ƙarni na 19 Paul Drude ya lura cewa wasu abubuwa masu ruwa-ruwa suna shanye gajerun igiyoyin rediyo, kuma lambarsu ta dayilektirik tana faɗuwa. Debye ya ɗauki kowace ƙwaya a matsayin 'yar ƙwallo da ke juyawa cikin abu mai kauri, wadda ke buƙatar lokaci kafin ta juya. Ya nuna cewa wannan lokaci ya dogara da girman ƙwayar, da kaurin ruwan, da zafinsa.

Idan filin yana sauyawa a hankali, ƙwayoyin suna bin sa daidai, lambar tana nan a 80. Idan saurin ya yi yawa ƙwarai, kafin su fara juyawa filin ya riga ya koma, sai su zauna kamar ba a taɓa su ba. Haske yana kaɗawa sau ɗaruruwan tiriliyan a daƙiƙa guda, shi ya sa a wurinsa miƙewar ƙwaya kaɗai ke aiki, lambar ta tsaya a 1.8. Ta haka aka warware saɓanin da ke tsakanin 80 da 1.8. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu kuma akwai wurin da ƙwayoyin ke bin filin amma a makare, suna gogar maƙwabtansu, makamashin lantarki yana komawa zafi.

A zamanin da ya yi lissafin babu na'urorin da za su gwada shi sosai a kan ruwa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da fasahar rada ta samar da injinan gajerun igiyoyi, aka auna. An samu lokacin juyawar ruwa kimanin fikosakan 8 ne a digiri 25, wato kashi 8 cikin tiriliyan na daƙiƙa, kuma shanye makamashin ya fi ƙarfi a wajen gigahaz 20. Na'urar maikurowef ta kicin tana aiki ne a gigahaz 2.45, ƙasa da wannan ƙololuwa, don haka igiyar tana kutsawa santimita ɗaya zuwa biyu cikin abinci mai ruwa kafin ta shanye. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin ruwa a ɗaure suke, juyawarsu ta fi ta ruwa jinkiri sau miliyoyi, lambar dayilektirik ɗinta a irin wannan sauri kimanin 3 ce kawai. Wannan ne ya sa daskararren nama ba ya saurin ɗaukar zafi a na'urar. Tazarar da ke tsakanin ruwa mai lamba 80 da busasshiyar ƙasa mai lamba 3 zuwa 5 ita ce kuma na'urorin auna damshin gona da wasu taurarin ɗan Adam ke amfani da ita wajen gano yawan ruwan da ke cikin ƙasa.

Ruwan gishiri da ka'idar Debye da Hückel

Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sai kaɗan ƙwarai. Friedrich Kohlrausch da Adolf Heydweiller sun tabbatar da haka a 1894 bayan sun tace ruwa sau da yawa. A digiri 25, ƙwaya ɗaya ce kawai cikin kimanin miliyan 550 take rabuwa ta ba da ayon, wato guntu mai caji da zai iya tafiya da lantarki. Ruwan teku ya fi ruwa tsantsa ɗaukar lantarki kusan sau miliyan ɗaya. Abin da ke sa ruwan famfo ko na rijiya ya zama haɗari kusa da wayar lantarki shi ne gishiri da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa.

Svante Arrhenius ya bayyana a 1887 cewa gishiri yana rabuwa zuwa ayon fozitif da ayon negatif idan ya shiga ruwa. Babbar lambar dayilektirik ta ruwa ce ke ba da damar haka, domin tana raunana jan da ke tsakanin sodiyam da kulorin har bangazar zafi ta iya raba su. Sai dai ka'idar Arrhenius ta ƙi dacewa da gishirin girki da makamantansa. Kohlrausch ya auna ya ga cewa idan aka ƙara gishiri, ƙwazon kowane ayon wajen ɗaukar lantarki yana raguwa bisa wani tsari na musamman: in an ninka gishirin sau huɗu, raguwar sau biyu take ninkawa. Babu wanda ya iya faɗin dalili.

A 1923, a Zurich, Debye da mataimakinsa Erich Hückel suka buga bayaninsu. Sun ɗauka cewa gishirin ya rabu gaba ɗaya, amma ayon ɗin ba a warwatse suke kara zube ba. Kowane ayon fozitif yana jawo masu caji negatif su fi yawa a kewayensa, kowane negatif ma haka, sai ya zama kowannensu yana cikin wani hazo na kishiyar cajinsa. Hazon yana lulluɓe cajin, ta yadda daga nesa ba a jin ƙarfinsa. Kaurin wannan hazo shi ake kira tsawon Debye. A ruwan da ke da mol 0.001 na gishiri a kowace lita, tsawon kimanin nanomita 10 ne. A mol 0.1 ya koma kimanin nanomita 1. A cikin jinin mutum bai cika nanomita ɗaya ba. Lissafin ya fitar da tsarin nan na sau huɗu da sau biyu kai tsaye daga dokar jan caji da dokar zafi. Yana aiki daidai ne a ruwan da gishirinsa bai wuce kimanin mol 0.01 a lita ba, bayan haka sai an yi masa ƙari.

Tsawon Debye ya fita daga fannin ruwan gishiri ya shiga wasu fannoni. Da shi ake bayyana dalilin da ya sa lakar da kogi ya ɗauko take dunƙulewa ta kwanta idan ta haɗu da ruwan teku: gishiri yana rage kaurin hazon da ke hana ƙwayoyin lakar manne wa juna. Ana kuma amfani da shi a binciken sunadaran jiki, da batura, da filasma ta sararin samaniya.

Inda lissafinsa ya gaza

A 1925 wani ɗalibi ɗan ƙasar Nowe mai suna Lars Onsager ya zo ofishin Debye a Zurich ya shaida masa cewa akwai kuskure a ɓangaren ka'idar da ya shafi tafiyar ayon. Debye da Hückel sun bar ayon ɗin da ke kewaye suna yawo saboda zafi, amma sun sa na tsakiya yana tafiya a miƙe. Debye ya saurare shi, ya yarda, ya kuma ɗauke shi aiki a matsayin mataimaki a 1926. Gyaran da Onsager ya buga a 1926 da 1927 ya dace da ma'aunin Kohlrausch, shi ya sa ake haɗa sunayen mutum ukun a kan wannan lissafi.

Gazawa ta biyu ta shafi ruwa kansa. Lissafin 1912 yana aiki da kyau a kan iskar gas, inda ƙwayoyi ke nesa da juna. Idan aka sa lambar 80 ta ruwa a cikinsa, ƙarfin daifol ɗin da zai fito debye 0.8 ne, ƙasa da rabin 1.85 da aka auna a tururi. Idan kuma aka sa 1.85, lissafin zai ce ƙwayoyin ruwa za su jeru da kansu su fuskanci gefe guda ko babu filin lantarki, abin da ba ya faruwa. Onsager ne ya sake gano matsalar, ya buga a 1936. Ya nuna cewa wani kashi na filin da ƙwaya ke ji ita ce ta haddasa shi a jikin maƙwabtanta, kuma wannan kashi yana bin ta duk inda ta juya, don haka ba zai iya juya ta ba.

Ko da wannan gyara, lissafin bai kai 80 ba. Abin da ya rage shi ne ɗaurin haidurojin, wato yadda haidurojin na wata ƙwaya ke kama oksijin na maƙwabciyarta. John Desmond Bernal da Ralph Fowler sun nuna a 1933 cewa kowace ƙwayar ruwa tana da maƙwabta kimanin huɗu da take riƙe da su ta wannan hanya. A 1939 John Kirkwood ya shigar da wannan cikin lissafi: ƙwayar ruwa ba ta juyawa ita kaɗai, maƙwabtanta na karkata tare da ita. Maƙwabtan kuma suna ƙara mata ƙarfin daifol, daga 1.85 zuwa abin da aka ƙiyasta tsakanin debye 2.6 da 3. Binciken da aka yi da kwamfuta a 2006 ya nuna cewa ƙwayar ba ta murzawa sannu a hankali kamar ƙwallon da Debye ya zana, tsalle take yi lokacin da ta saki wata maƙwabciya ta kama wata. Duk da haka siffar lissafinsa ta 1913 tana dacewa da ma'aunin ruwa har zuwa gomman gigahaz, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan jinkiri.

Sauran ayyukansa

A 1912 ya gyara ka'idar Einstein kan yadda daskararrun abubuwa ke riƙe zafi, ya nuna yadda wannan riƙo ke raguwa a tsananin sanyi. Tsakanin 1915 da 1916 shi da Paul Scherrer suka ƙirƙiro hanyar gano tsarin kiristal ta haska garinsa da hasken eksire, ba sai an samu babban dunƙule ba, hanyar da har yanzu ake amfani da ita a ɗakunan gwaje-gwaje. A 1923 ya ba da bayanin sauyin da hasken eksire ke yi idan ya bugi ilektiron, a daidai lokacin da Arthur Compton ya kai ga irin wannan sakamako a Amurka. A 1926 ya ba da shawarar amfani da maganaɗisu wajen kaiwa ga matsanancin sanyi. Kwamitin Nobel ya ambaci aikinsa kan daifol da kuma kan watsuwar hasken eksire da ilektiron a cikin iskar gas.

Zamanin 'yan Nazi

Debye ya karɓi muƙamin Barlin ne bayan Adolf Hitler ya hau mulki, lokacin da ake korar Yahudawa daga jami'o'in Jamus. An gina sabuwar cibiyar tasa da kuɗin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka, shi kuma ya riƙe takardar zama ɗan Holan. Daga 1937 zuwa 1939 shi ne shugaban Ƙungiyar Masana Fiziks ta Jamus. A watan Yuli 1938 yana cikin waɗanda suka taimaka wa Lise Meitner, masaniyar fiziks mai asalin Yahudawa, ta tsere daga Jamus ta hanyar Holan. A ranar 9 ga watan Disamba na wannan shekara kuma, bisa matsin lambar gwamnati, ya sa hannu a wata wasiƙa da ta nemi Yahudawan da suka rage a ƙungiyar su janye, aka rufe wasiƙar da gaisuwar Hitler da aka saba sawa a takardun hukuma.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939, rundunar sojan Jamus ta karɓe cibiyar don binciken yuraniyam. An ba shi zaɓi, ko ya zama ɗan ƙasar Jamus ko ya bar shugabancin. Ya ƙi sauya ƙasa, aka ba shi hutu. A watan Janairu 1940 ya tashi daga Genoa ta Italiya zuwa Amurka don gabatar da laccoci a Jami'ar Cornell. Da isarsa ya sanar da jami'an Gidauniyar Rockefeller abin da sojoji ke yi da cibiyar. Einstein ya nuna shakku a kansa a wata wasiƙa, hukumomin Amurka suka bincike shi, daga baya aka bar shi ya yi aikin da ya shafi yaƙi.

Rayuwarsa a Amurka

Cornell ta naɗa shi farfesa kuma shugaban sashen kimiyyar sinadarai, muƙamin da ya riƙe shekara 10. Lokacin yaƙi ya shiga shirin samar da robar roba ta masana'anta, inda ya inganta hanyar auna girman dogayen ƙwayoyin folima ta yadda suke watsa haske. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1946, ya yi ritaya a 1952, amma ya ci gaba da bincike da laccoci har ƙarshen rayuwarsa. Ɗalibansa sun san shi da iya sauƙaƙa abu mai wuya ta hanyar kawo misali guda da kowa zai gane.

Ce-ce-ku-cen shekara ta 2006

A watan Janairu 2006 marubuci ɗan Holan Sybe Rispens ya fitar da littafi mai suna Einstein in Nederland, inda ya zargi Debye da yi wa gwamnatin Nazi hidima. Ya kafa hujja da wasiƙar 1938 da kuma wani saƙon waya na 1941 da ke nuna Debye bai yanke alaƙa da cibiyar Barlin ba. A watan Fabrairu Jami'ar Utrecht ta cire sunansa daga cibiyarta ta bincike, Jami'ar Maastricht kuma ta janye daga kyautar da ake bayarwa da sunansa. Masu kare shi sun ce ba a bar masa wata mafita ba kan wasiƙar, sun tuna da taimakon da ya yi wa Meitner, suka kuma ce 'yarsa tana zaune a gidan cibiyar a Barlin lokacin da aka aika saƙon, don haka yanke alaƙa zai jefa ta cikin haɗari. Sashen kimiyyar sinadarai na Cornell ya duba lamarin ya ce bai ga hujjar cewa Debye ɗan Nazi ne ko mai ƙin Yahudawa ba.

Cibiyar nazarin tarihin yaƙi ta Holan, NIOD, ta fitar da rahoto a 2007 wanda Martijn Eickhoff ya rubuta. Rahoton bai kira shi ɗan Nazi ba, amma ya bayyana shi a matsayin mutum mai barin kowace ƙofa a buɗe don kare aikinsa da matsayinsa. A watan Janairu 2008 kwamitin da Jan Terlouw ya jagoranta ya ba da shawarar a ci gaba da amfani da sunansa. Utrecht ta mayar da sunan, Jami'ar Maastricht kuma ta tsaya a kan bakanta.

Iyali da rasuwa

Debye ya yi aure a 1913, ya haifi ɗa da 'ya. Ɗansa ya zama masanin fiziks, ya yi aiki tare da shi kan watsuwar haske. Debye mai son kamun kifi ne da aikin lambu. Ya samu bugun zuciya a watan Afrilu 1966, na biyu kuma ya yi ajalinsa ranar 2 ga watan Nuwamba a garin Ithaca na jihar New York, yana da shekara 82. An binne shi a maƙabartar Pleasant Grove da ke garin.

Lambobin yabo da tunawa

Ban da kyautar Nobel, ya samu lambar Rumford a 1930, lambar Lorentz a 1935, lambar Franklin a 1937, lambar Max Planck a 1950, lambar Priestley a 1963, da Lambar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1965. Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka tana ba da kyauta da sunansa duk shekara. An sa sunansa ga wani rami a duniyar wata da kuma wani dutsen sararin samaniya mai lamba 30852.